Garin Kuka a Lagireto

Shekarar da man fetur ya fi ƙarfin talaka, ni ma bakanike ya fi ƙarfina. Ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can bayan Minjibir, kuma ina da wata tsohuwar mota da ta bi hannun mutum huɗu kafin ta iso gare ni. Ba don ƙawa na riƙe ta ba. Inna, mahaifiyata, tana fama da hawan jini, asibitin da ake duba ta yana Minjibir, ita kuwa ba ta iya zaman babur.

Sai na ce wallahi ni zan zama bakaniken kaina. Na sayo sifana biyu a kasuwa. Kowace Asabar in buɗe bonet a gindin darbejiyar ƙofar gida, in zaro sandar awon baƙin mai in goge da tsumma, in kankare filogi da reza, in wanke kan batir da ruwan zafi. Inna kan leƙo daga zaure ta ce, "Malamin makaranta, yau ma tiyata ake wa tsohuwar?" In ce mata ai tsofaffi biyu gare ni, kuma ta waje ta fi jin magani. Ta yi ta dariya har sai ta dafa bango.

Ana haka lagireto ya fara yoyo. Ɗan ɗigo ne, da safe ka tarar ƙasa ta jiƙe kamar faɗin faifai. Gyaransa walda ce, walda kuwa sai birni. Wani direba a tasha ya ce min, "Malam, kar ka wahal da kanka. Zuba masa garin kuka cokali biyu, yauƙin nan zai toshe hudar." Na dawo gida na ɗebi kukar miyar Inna. Ni kuma da shegen zaƙewa na ɗura cokali biyar. Yoyo ya tsaya cak. Sati uku ina ta ba mutane labari a majalisa, ina hura hanci. Ashe kukar ta cure a ciki, ta toshe har hanyoyin da ruwa ke bi. Ɗan zuwa makaranta da dawowa bai kai mota ta yi zafin da za ta tona min asiri ba.

Wata Laraba da hantsi, tsakiyar damina, ƙanwata ta aiko a kira ni daga aji. Inna ta faɗi a bakin murhu, bakinta ya karkace, magana ta ɗauke. Muka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar ƙanwata, na taka motar irin takun da ban taɓa yi mata ba.

Ko rabin hanya ba mu ci ba tururi ya turnuƙe daga bonet, inji ya yi tari ya mutu. Dawa hagu, dawa dama, ba ranar kasuwa ba ce, kowa yana can cikin gona. Na naɗe hannu da riga na kwance murfin lagireto, wani koren kumfa mai yauƙi ya feso. Nan na gane abin da na yi. Na zagi motar, na zagi direban tasha, alhali na san wanda ya cancanci zagin.

Na fizgi galan zan shiga gonaki neman rijiya. Ƙanwata ta ce, "Yaya, don Allah kar ka tafi, zo ka riƙe hannunta." Na daka mata tsawa, na ce ruwa kawai motar ke so. Ƙarya nake. Na san ko rijiyar gaba ɗaya na juye mata ba za ta tashi ba. Kallon fuskar Inna ne na kasa, sai na gudu.

Da na dawo da galan cike, ƙanwata ta riga ta ja mata mayafi har ka. Ba ta yi min faɗa ba, ni kuwa da ta yi, da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ta neme ka. Sau biyu tana juya ido wajen kujerarka."

Mutane sun ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, Allah ya jiƙanta. Motar ba ta dame ni ba yanzu, kukar ma na daina tuna ta. Abin da ke ci na har yau shi ne lokacin da uwata ke nemana, ni ina bakin rijiyar wani ina jan guga.