Hayaƙin Motar Alhaji Da Aka Ɗora Wa Direba

Duk tsufan da na yi, ban manta da ranar da aka shigo da motar goron Alhaji Mamman garejinmu ba. A lokacin ba a rushe unguwarmu ta Zangouettin, wato Zango, ba, garejin yana bakin unguwa. Ni uburiye ne, wato wanda ya gama koyo amma bai kai ya yanke hukunci ba. Mai yanke hukunci shi ne shef, kuma namu mutum ne mai son yabon masu kuɗi fiye da son aiki.

Motar babbar kamiyo ce mai shan gazuwal, wato man dizal, sabuwa fil, tafiyarta biyu kacal zuwa kudu ɗauko goro. Ta dawo tana fitar da hayaƙi baƙi ƙirin, ƙarfinta ya ragu, mai kuma tana sha kamar ana zuba shi a ƙasa. Direbanta Malam Idi ne, mutumin Nijar, shekararsa tara yana tuƙa wa Alhaji.

Ku masu tasowa a aikin gareji kun san ƙa'ida. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya fi iska yawa a cikin inji, bai ƙone duka ba. Ko dai iska ba ta isa, ko mai ya yi yawa. Shi ya sa ake farawa daga hanyar iska: filtir da tiyonta. Sai an tabbatar tana lafiya a koma kan injakta da famfon mai. Shef ya san wannan sarai, shi ya koya mini.

Amma Alhaji ya zo da hukuncinsa a aljihu. A gaban direbobi da 'yan dako ya ce, “Shef, gaya mini gaskiya. Ba sayar mini da gazuwal yake yi yana cika tanki da kananzir ba?”

Shef ko murfin inji bai ɗaga ba. Ya tsoma yatsa a bakin tanki, ya shinshina, ya ce, “Alhaji, akwai alama.”

Malam Idi ya ce, “Alhaji, ku ji tsoron Allah. Ku bari a buɗe ta tukuna.”

Alhaji ya miƙa hannu ya karɓi makulli. A Zango, wanda aka karɓe wa makulli da sunan sata ya gama tuƙi, domin fataken goro duk a zaure ɗaya suke shan shayi. Ni na san kananzir ba haka yake nuna kansa ba. Ina tsaye da sifana a hannu, na yi shiru don kada a ce na yi wa shef gardama a gaban baƙi.

Kwana biyu muna aikin banza. Shef ya sa muka juye tanki, muka wanke, muka zuba sabon mai. Hayaƙi yana nan. Ya ce a kwance injakta, aka kwance, lafiyarsu lau. A rana ta uku ya tafi unguwar Gounghin neman kayan mota, ni kuwa na yi abin da ya kamata a yi tun farko. Filtir tas take. Na kwance babban tiyon da ke shigo mata da iska, na zura hannu, sai na taɓa wani abu a lanƙwasar. Da ƙyar na jawo shi. Laya ce ƙatuwa, an ɗinke ta da fata, an naɗe da ƙyallen atamfa, igiyar da aka ɗaure ta ta tsinke.

Al'adar fatakenmu ce: kafin sabuwar mota ta yi tafiyar farko, mai ita yakan ɓoye mata layar tsari a wurin da ko direba bai sani ba, don kada a cire. Wasu a ƙarƙashin kujera suke sawa. Alhaji shi bakin tiyon iska ya gani ya yi masa. Da igiyar ta tsinke, iska ta zuƙe layar ciki ta toshe hanya.

Na mayar da tiyo na tayar da inji. Hayaƙin ya washe nan take.

Da Alhaji ya zo, na miƙa masa layar a gaban shef. Ya gane ta, ya sa a aljihu da sauri, ya ce, “To, madalla, mota ta warke.”

Na ce, “Malam Idi fa, Alhaji?”

Ya ce, “Maganar da na yi a gaban jama'a ba na janye ta. Kai kuma ba ka ga komai ba.”

Shef ya harare ni ya ce, “Aikinka inji ne. Tattara kayan aiki.”

Raina ya ɓaci. Ko wanke baƙin mai ban yi ba, na nufi gidan da Malam Idi yake haya, da niyyar in kai shi tasha in faɗa wa kowa abin da na ciro. Na tarar ɗakin a buɗe, an share. Tsohuwar gidan ta ce ya bi motar albasa zuwa Nijar tun da safe da iyalinsa. Ta ce, “Ya ce idan wani ya zo daga gareji, a gaya masa bai taɓa shan man Alhaji ba.”

Na faɗa a tasha duk da haka, shef ya kore ni, ban damu ba. Amma Malam Idi bai ji ba, ban kuma sake ganinsa ba.

Har yau ina jin haushin Alhaji, ina jin haushin shef, amma wanda ya fi ci mini rai shi ne na kaina. Kwance tiyon nan bai kai minti goma ba, na bari sai rana ta uku. Shi ya sa a garejina na hana kowa faɗin ciwon mota kafin ya buɗe ta, ko wane ne yake tambaya. A wannan sana'a bakanike yakan yi magana a kan ƙarfe, amma mutum ne ake kora.