Tagar Lorene

Orval Teague magini ne, kuma duk garinmu na yammacin jihar Oklahoma a Amurka babu wanda bai san gidansa ba, gidan da ake hawa kansa da injin yankan ciyawa.

Matarsa Lorene tana shekara bakwai guguwa ta ɗauke gidan iyayenta, ita tana kwance cikin bahon wanka an rufe ta da katifa. Tun daga nan, da Afrilu ya kama, lokacin da guguwa ke farawa, sai abinci ya fita ranta, ta bi ta rame. Shekara goma sha biyu Orval yana kallon haka, abin yana cin sa a rai. Ƙarshe ya sayi wani tudu ya haƙe, ya zuba kankare, ya mayar da ƙasa bisa rufin. Tagogi ya jera su ta gabas. Kudu maso yamma kuwa, inda guguwa ke ɓullowa, ko hudar allura bai bari ba. Maƙwabta suka laƙaba masa Gafiya, ko a jikinsa.

Sai ga Lorene tana ƙara ramewa. Ranar da jiniyar gargaɗin guguwa ta gari ta fara kuka da la'asar, ya nemi matar a ɗaki ya rasa. Can ya same ta bisa rufin, tsaye cikin ciyawa, iska na fizgar rigarta.

"Ke Lorene, na binne miki gida sukutum, ki hau kansa ki tsaya?"

"To ta ina zan ga ta taho, sarkin dabara? A garin nan ka girma. Yaushe aka taɓa jiniya mutane ba su fito baranda sun ɗaga kai ba?"

Kunya ta kama shi. Kwana tara ya yi da guduma yana fasa bangon kudu maso yamman da ya fi alfahari da shi, ya fitar da 'yar taga faɗin faranti, ya sa mata gilashi mai kauri. Watan Mayun nan Lorene ta ci soyayyiyar kaza har da ƙari. Gidaje goma sha huɗu ya gina bayan wannan, kowanne da tagarsa.

Bana shekara shida da rasuwarta. Orval bai taɓa tsoron guguwa ba, amma da hadari ya haɗu sai ya ja kujerarta gaban tagar ya zauna yana duban sama. Rannan 'yarsa Darla ta iske shi haka.

"Baba, me kake nema a sama?"

"Ba komai. Duba wa mamanki nake yi, kin san ba ta iya cin abinci in ba a duba ba."