Zora, Matar Yayana

Shekara ashirin ke nan da mutuwar Zora, mawaƙiyar ƙasar Sabiya ta Turai da ta taɓa zama matar yayana Sani. An ce a ƙasarsu har yanzu rediyo na sa waƙoƙinta. Mu a Konni ba waƙa ta bar mana ba.

Yaya ya haɗu da ita a Belgarad, babban birninsu, inda gwamnati ta tura shi karatun injiniya. Lokacin tana waƙa a otel-otel, ba wanda ya san ta. Da ya samu aiki a garin Malbaza kusa da mu, ya kawo ta gidanmu, muka karɓe ta hannu biyu. Inna ba ta iya faɗin sunanta ba, sai ta mai da shi Zara. Ni na koya mata tuƙa tuwo, ni na riƙa raka ta kasuwar Illela. In tana wanki takan rera waƙa da yarensu, matan unguwa su tsaya bakin danga suna saurare. Muryar kam Allah ya ba ta.

Shekararta biyar tare da mu, ta haifi Hadiza. Wata rana ta ce uwarta ba lafiya, za ta je ta dubo ta da yarinyar. Inna ta riƙe hannun jikarta a tasha ta ce, "Zara, ki maido min ɗiyag ga kahin damina."

Ta ce, "Wata biyu kawai, Inna."

Damina ta zo ta wuce. Sai wani abokin karatun Yaya ya aiko da kaset: ga Zora a bango, ta ɗaura zanen da Inna ta ba ta, tana murmushi. Ya rubuto cewa tauraruwarta na haskawa, kuma tana gaya wa ƴan jarida cewa da ƙyar ta kuɓuto da ɗiyarta daga jeji. Jejin nan gidanmu ne, inda aka ba ta ɗaki mafi kyau.

Yaya ya bi ta. Kwana tara yana zarya ƙofar gidanta, masu gadi na korar shi. Daga baya yaƙi ya ɓarke can, hanya ta toshe. Bai sake aure ba, bai sake ganin ɗiyarsa ba har ya rasu. Inna ma haka ta rasu.

Ina tambayar kaina me za ta ce da tana raye yau, da waya ta sa ƙarya ba ta daɗewa. Ina jin wani sabon labari za ta shirya, ta sa masa kiɗa.

Bara Hadiza ta nemo ni, mace mai ƴaƴa biyu, ba Hausa a bakinta, sai Faransanci kaɗan. Ta ce, "Gwaggo, wace irin mace ce uwata a wurinku?"

Ba na son in yi mata ƙarya, ba na kuma son in zagi uwa a gaban ɗiyarta. Na ce, "Ta iya waƙa."

Ta jira in ƙara. Ban ƙara ba.