Faston da ke Gaishe da Gawarwaki

Duk tsawon kwanan da Allah zai ba ni, ba zan manta ranar da na shiga ɗakin ajiye gawa a Jidda ba.

Watan ƙanina huɗu a ciki. Daga saman gini ya faɗo a wurin aiki, kafilinsa kuma, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ya ƙi sa hannu a ba mu gawar. Ni kuwa umara na zo na maƙale, ba ni da iƙama, wato takardar zama, ko ta ƙofar asibiti tsoron wucewa nake. Har yau ina jin kunyar wannan.

A unguwar Sharafiyya aka haɗa ni da wani tsoho mai aiki a ɗakin. Aka ce faston Baftis ne a gida Najeriya, har kurkuku ya sha saboda tsaya wa manoman da aka ƙwace wa gonaki. Na ce a raina, duk faɗin Jidda a rasa mai taimakona sai fasto?

Bayan azahar ya shigar da ni ta ƙofar baya. Sanyi ya ratsa ni har ƙashi, ba ka jin komai sai gunjin inji. Tsohon ya riƙa bin akwatunan ƙarfen da gawarwakin ke ciki yana ƙwanƙwasawa a hankali.

"Sannu, ɗan Damagaram. Sannu da haƙuri, Hajiya, takardarki ta kusa."

Na ce, "Baba, suna ji ne?"

Ya ce, "Oho. Amma ba a faɗa wa mutum ɗaki ba sallama."

Ya jawo na ƙanina, ya sunkuya ya ce, "Ga yayanka ya zo." Wallahi sai na ga kamar fuskar ta saki. Tsohon ya dube ni. "Yi masa addu'arku, kai ka san ta. Ina bakin ƙofa."

Washegari ya ɗauki takalman aikin marigayin, ya je ya tsaya a ƙofar ofishin kafilin cikin rana. Ya san za a iya korarsa daga ƙasar. Kwana tara yana haka. A na goma mutumin ya fito, ya ce, "Halas, ya isa, kawo takardar. Ko na rufe ido takalman nan nake gani."

Ranar muka binne ƙanina. Faston na tsaye a bayan katangar maƙabarta har muka gama.

Tun daga nan, in zan auna mutum, abin da yake yi wa wanda ba zai iya ce masa na gode ba nake dubawa.