Tawadar da Na Wanke Daga Sule Goma

A zamanin da na tashi a Dogon Dutsi, takardar kuɗi idan ta daina ci sai a liƙa ta a murfin adaka, ko a ba yara su yi wasan kasuwa. Yau kuwa samari ne ke yawo kan kabu-kabu daga Dumega zuwa Ɗan Kassari, suna shiga gidajen tsofaffi da doguwar gaisuwar ƙarya, suna tambayar ko akwai kuɗin Turawa a ɗaki, su ɗauki hoto da waya su aika wa wani a Yamai. Ko zanen da ke jikin takardar ba sa kallo. Na rena su, ba na kuma ɓoyewa. Amma na rubuto muku ne don in faɗa cewa na riga su shiga wannan harka, kuma abin da na aikata ya fi nasu muni, domin su rashin sani ke jan su, ni kuwa da ilimina na yi.

Tafinta ne ni a da. Na yi shekaru a tashoshin jiragen ruwa, Kwatano da Lome da Abijan, har Marsai na taɓa zama. Ina jin Faransanci da Ingilishi, ina ciniki da Zabarmanci da Yarabanci, kuma a lokacin gani nake wannan ya ɗora ni sama da duk wanda ya rage a Arewa yana noman gero. A Abijan wani tsohon Bature ya koya mini tara tsofaffin takardun kuɗi. Ya miƙo mini madubin ƙara girma ya ce in duba, sai na ga fuskar mace da aka fitar da siraran layuka kamar gashin jariri, kowane layi da hannu aka sassaƙa shi a jikin ƙarfe. Faransawa launi suke so da fuskokin mutane, Ingilishi kuwa murɗaɗɗen ado a gefe, kamar aikin wuyan babbar riga. Doka ɗaya ya ba ni, wai takarda mai daraja ita ce marar ninki, marar maiƙo, wadda babu rubutun kowa a jikinta. Duk alamar da hannun talaka ya bari, a wurinsa datti ne. Na haɗiye maganar ko taunawa ban yi ba.

Bayan na ajiye aiki na dawo gida da manyan littattafai uku cike da takardu. Ina da yaya mace a Ɗan Kassari, ita ta goya ni bayan rasuwar Inna. Ba ta taɓa shiga lakkwal, makarantar boko, ba, kuma tun ranar da na fara sa gilashi take kirana Mushe, yadda ake kiran Bafaranshe, don tsokana. Wata shekara da kaka na je gaishe ta, ta buɗe adakarta tana neman zanen da za ta ba jikarta, sai na hango wani gwangwanin alewa da tsumma a ciki. Da ta warware, takardar sule goma ce ta zamanin Ingilishi, mai bishiyar kwakwa a tsakiya, irin wadda na daɗe ina nema. A bayanta akwai layi uku na ajami da tawadar allo, a karkace. Ta ce Baba ne ya aiko da ita daga Kumasi ta hannun wani ɗan garinmu, kafin ciwo ya kashe shi a can, kuma Inna ta gwammace ta zauna da yunwa da ta kashe kuɗin. Ni ban taɓa ganin mahaifina ba. Duk da haka ban tambayi abin da rubutun ya ce ba. Mai harsuna huɗu ne ni, amma ajami ban iya ba, don na ɗauke shi jagwalgwalon malaman ƙauye. Idona na kan ganyen kwakwar.

Na ce ta ba ni in adana mata saboda gara. Ta yi dariya ta ce shekara da shekaru gara ba ta san hanyar adakarta ba, sai yau da Mushe ya zo da ido huɗu. Daga baya ta miƙo mini, ta ce amana ce, in dawo da ita kafin Sallah.

Wata safiya na zauna a tsakar gidana da auduga da kofin ruwa. Tawadar malamai gawayi ce da ƙaro, ruwa kaɗan ke ɗauke ta. Kafin shayina ya huce layuka ukun sun tafi. Na watsa baƙin ruwan a makwarara, na danne takardar cikin ƙamus har ta bushe, na sa ta a leda. Wallahi har yaba wa kaina na yi da iya aiki.

Ana saura kwana biyu Sallah na kai mata, ina shirin roƙon ta bar mini ita gaba ɗaya. Ta juya bayan takardar, ta sake juyawa, ta ɗaga ta sama ta kalli rana. Ta tambaye ni ina hannun Baba. Sai na kama yi mata lacca kan yadda ake yi a Faris da Landan. Ta bar ni har na ƙare, sannan ta tambaya ko na sha ruwan. Ban gane ba da farko. Ta ce ko ɗan yaye ya san idan aka wanke rubutu sha ake yi, balle rubutun uba. Na ce na zubar. Ta ce a ina. Na faɗa mata. Sai ta karanto mini layukan da ka, yadda wani malami ya karanta musu ita da Inna tun tana ƴar yarinya. Baba ya gaida Inna, ya ce idan cikin da ya bari ya zo namiji a sa masa suna kaza, kuma a sa shi karatu ko da za a sayar da akuya. Sunan nan shi ne nawa. Ta ce to ga shi an sayar da akuyar, ga kuma karatun ya yi amfani. Ta turo mini ledar da yatsa ɗaya, ta ce in tafi da bishiyar Bature, ita ba don bishiya ta ajiye ba.

Na yi kwanaki da madubi a kan takardar, babu komai sai ɗan duhu inda ruwa ya taɓa. Na sa wani malami ya rubuta kalmomin a sabuwar takarda na kai mata, ta ce in riƙe, ta san su.

Ga masu wannan sha'awa, ba zan ce ku daina ba, zanen yana da kyau har gobe. Amma in kun ga rubutu ko ninki a jikin tsohon abu, ku tambayi mai shi kafin ku kira shi datti. Waɗanda suka koya mana ƙyamar tabo ba iyayensu ne suka bar tabon ba. Na ga masu tara takardu a ƙasashe da yawa, masu safar hannu da dogon Turanci, ban ga wanda ya kai yayata iya ajiya ba, da gwangwani da tsumma.

Muna gaisawa har yau, tana kuma aiko mini da wake duk kaka. Sai dai ta daina kirana Mushe. Alhaji take ce mini yanzu, kamar baƙo, kuma ba ta sake buɗe adakarta a gabana ba.