Suwaiba da 'Yar Majalisar Mijinta

Duk wanda ya saba shiga kantin maganin nan da ke bayan tashar metro ta Al Rigga ya san Suwaiba Labaran: doguwa, baƙa, mai tabarau, wadda ba ta miƙa wa mutum magani sai ta tambaye shi ko ya ci abinci. 'Yar Tudun Wadar Zariya ce. A can ta karanci haɗa magunguna, ta ɗan yi aiki a Kaduna, sannan a 2016 wani kamfani ya ɗauko ta zuwa Dubai. 'Yan kasuwar Kano masu zuwa saro kaya su suka fi kowa murna, don sun sami wadda za su gaya wa ciwonsu da Hausa, ba sai sun yi ta nuna ciki da yatsa suna cewa "shwaiya, shwaiya" da guntun Larabcinsu ba.

Siyasa kuwa ba ta gabanta. Mahaifinta, Malam Labaran mai gyaran keken ɗinki, ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin 'yan takara ƙauye-ƙauye a ƙasa, kuma duk wanda ya ci zaɓe sai ya ɓace kamar an aiki bawa garinsu. Tun tana yarinya ta yanke cewa ɗan siyasa baƙon damina ne, ya zo da atamfa da taliya, ya tafi sai wata kakar.

A Al Muraqqabat take zaune, ɗaki ɗaya da Hajiya Mero, wata 'yar kasuwar Kwari da ta girme ta sosai, mai tura abayoyi da labule Kano ta kargo. Hajiya Mero ce ta tsaya mata a matsayin uwa ranar da Izzuddeen ya fara zuwa gaisuwa. Shi ma Bazazzage ne, ɗan Samaru, ya daɗe a Amurka har ya zama ɗan ƙasa. Yana aikin duba lafiyar nama a wata babbar mayanka, a wani gari na manoman masara da waken suya. Ciwon haƙori ne ya shigo da shi kantin wata rana da ya yada zango a Dubai. Haƙorin ya warke, shi kuma ya ƙi daina zuwa. A 2018 aka ɗaura aure a Zariya, ya koma ya shigar da takardun ɗaukar matarsa, ita kuma ta dawo bakin aikinta tana jira.

A ƙarshen shekarar nan, wata rana suna hira ta bidiyo ya juya wayar yana nuna mata unguwarsu. Sai ta ga ƙofar kowane gida an kafa ɗan allo mai sunan mace ɗaya.

"Malam, wannan wace ce da ta cika gari haka?"

"'Yar majalisarmu ce ta tarayya," in ji shi. "Tana neman komawa. 'Yar ra'ayin riƙau ce ta gaske. Ni dai ba ta da ƙuri'ata, amma za ta ci."

Ya turo mata tallanta na zaɓe. Wata dattijuwa ce mai furfura, ta sauko daga kan tarakta, ta karkaɗe hannu, can kuma ga ta riƙe da doguwar bindiga tana saitin gwangwani. Hajiya Mero ta leƙo daga bayan tulin abayoyi, ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Mace da bindiga, tsofai-tsofai da ita? Wannan ai Jan Wuya ce."

Sunan matar na gaskiya ya ƙi zama a harshen Hajiya Mero, don haka Jan Wuya ya bi ta a ɗakin nan har abin ya zama jiki.

Da farko Suwaiba so take kawai ta san irin mutanen da za ta je ta tarar. Tana cikin bincike a waya lokacin hutun cin abinci sai ta faɗa kan shafin majalisar, inda ake ajiye ƙuri'ar kowane wakili. Ta zauna a kan kwalin ruwan gishiri a bayan kanti, shinkafarta na hucewa. Ga ranar, ga ƙudurin, ga abin da Jan Wuya ta ce, i ko a'a, tun shekarar da ta fara shiga. Ba wanda ya tambayi Suwaiba ko ita wace ce kafin a nuna mata. Tana nan unguwar Deira ta Dubai, a tsakanin kwalayen magani, tana ganin abin da wata mata ta yi a zauren dokar wata ƙasa tun ita tana makarantar sakandare.

Da yamma ta kai wa Hajiya Mero labari.

"Hajiya, wallahi ba ta da wurin ɓuya. In ta yi alkawari a kan tarakta, za ki iya zuwa ki duba ko ta cika."

"To ta cika ɗin?"

"Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Ta cika."

Daga nan Jan Wuya ta zama abokiyar cin tuwonsu. Suwaiba ta karanto, Hajiya Mero ta yanke hukunci. Matar ba ta yarda da zubar da ciki ba, ba ta taɓa sassautawa a kai ba. Tana son a bar yara su yi addu'a a makaranta. Tana cewa tarbiyyar yaro ta iyayensa ce kafin ta gwamnati. Nan Hajiya Mero kan gyaɗa kai ta ce, "Allah ya shirye ta, saura kalmar shahada kawai." Tana son a rage haraji, Hajiya Mero ta ce a kawo ta ta shugabanci kwastan ɗin Najeriya. Amma da aka zo kan bindiga, duk ƙudurin da zai taƙaita mallakarta sai ta ce a'a, ko bayan an yi harbe-harbe an kashe mutane. Ta kuma yaƙi dokar da ta faɗaɗa inshorar lafiya, tana cewa gwamnati ta yi katsalandan. Wannan ya ƙona wa Suwaiba rai, don kullum tana ganin leburori suna mayar da magani kan kanta in sun ji farashi.

"Yaya mutum ɗaya zai tausaya wa ɗan da ke ciki haka, ya kasa tausaya wa marar lafiyar da ke tsaye?" ta tambaya.

"Ke ma kin faɗa," in ji Hajiya Mero. "Mutum ai ba kan kara ɗaya yake ba."

Abin da ya fi ba Suwaiba mamaki shi ne lokacin rikicin harajin kaya da China, da waken suyar manoman yankin ya rasa mai saye. Jan Wuya ta miƙe a zauren ta soki matakin, alhali gwamnatin jam'iyyarta ce ta kawo shi. Suwaiba ta kalli jawabin sau da yawa. Ta yi ta jira ta ji an kore ta ko an ɗauko mata tsohon laifi. Washegari matar ta koma kujerarta kamar ba a yi komai ba.

Sai dai akwai ɓangaren da Suwaiba take karantawa da faɗuwar gaba, wato shige da fice. A nan Jan Wuya ba ta da sauƙi ko kaɗan: a tsare iyaka, a rage 'yan gudun hijira, a tsananta bincike. A farkon 2020, ana gab da kiran Suwaiba ganawa a ofishin jakadanci, gwamnatin Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa bizar zama. Jan Wuya ta fito ta ce matakin ya yi daidai.

Ranar Suwaiba ba ta ci abinci ba. Hajiya Mero ta ce, "Khalas, shi ke nan, kada na ƙara jin sunan matar nan a ɗakina."

Bayan 'yan makonni Izzuddeen ya kira. Ya ce 'yar majalisar za ta zo garinsu ranar Asabar da safe, taron jin ra'ayin jama'a, kuma zai je ya yi mata tambaya.

"Malam, ka rufa mini asiri," in ji Suwaiba. "Kai kaɗai ne baƙi a cikinsu. Mata ce mai bindiga, magoya bayanta ma haka."

Ya yi dariya. "Ai aikinmu take yi. Ki buɗe shafin gidan jaridar garinmu, za a nuna kai tsaye."

Safiyarsu ta zo daidai da bayan magaribar Dubai. Suwaiba ta jingina wayar da fulas ɗin shayi. Hajiya Mero ta juya baya tana ninke labule, amma kunnenta na nan.

Zauren wasan wata makaranta ne, da kujerun ƙarfe. Jan Wuya na tsaye a ƙasa, ba dandamali, ba maroƙi, ba wanda ke riƙe mata jaka, da kofin takarda a hannunta. Wani tsoho ya yi mata faɗa a kan farashin taki, ta saurare shi har ya gaji. Wata malamar makaranta ta ce mata ta ji kunya a kan bindiga, ta amsa ba ta ɗaga murya ba. Can sai ga Izzuddeen ya miƙe da hularsa ta zanna. Suwaiba ta kama hannun Hajiya Mero, ba ta ma san ta kama ba. Tana ji tana fassara mata.

Ya faɗi sunansa da wurin aikinsa. Ya ce, "Ban zaɓe ki ba, ranki ya daɗe, amma ke ce wakiliyata. Matata tana Dubai, tana ba marasa lafiya magani. Ba ta taɓa yi wa kowa laifi ba. Ki gaya mini me ya sa kika goyi bayan a hana ta zuwa gidanta."

Jan Wuya ta ajiye kofin, ta tako har gabansa. Ta tambayi sunan matar, ya faɗa, ta maimaita a hankali, "Su-wai-ba," har sai da ta faɗe shi daidai.

"Ba zan yi maka ƙarya don ka ji daɗi ba," in ji ta. "Na goyi baya, kuma har yanzu ina kan bakana. Na yi imani ƙasa ba ta buɗe ƙofa sai ta gamsu da bayanan da wata gwamnati ke ba ta. Na san wannan ya faɗa kan mutanen kirki, kuma matarka na cikinsu. Ba zan canza ƙuri'ata ba. Amma kai ɗan mazaɓata ne, ko ka zaɓe ni ko ba ka zaɓe ni ba. Ofishina zai bi maganarta."

Wasu suka tafa, wasu suka yi gunaguni. Izzuddeen ya ce bai gamsu ba, kuma zai yi aiki don a kayar da ita. Ta ce haƙƙinsa ne, ta miƙa masa hannu. Ya koma ya zauna, wani ƙaton manomi da ke gefensa ya matsa masa wuri.

Suwaiba ta fashe da kuka, ita kanta ba ta san na mene ne ba. Matar nan ta tsaya tsakaninta da mijinta, ta kuma faɗa a bainar jama'a ba kunya ba tsoro. Amma ta kira sunanta. Kuma mijinta ya kalli mai mulki ido da ido ya ce zai kayar da ita, ya fita ya shiga motarsa ya tafi gida lafiya.

"Ikon Allah," in ji Hajiya Mero. "Ba ko ɗan daba ɗaya?"

Ofishin ya cika alkawari. Wata ma'aikaciya ta kira Izzuddeen, suka tuntuɓi inda ya kamata, aka ce musu maganar tana jiran layi. Iyakar abin da aka samu ke nan. Sai ga korona ta rufe duniya. Jirage suka tsaya, kasuwar Hajiya Mero ta tsaya, titunan Deira suka zama wayam. Suwaiba kuwa ba ta huta ba, tana bayan gilashi da takunkumi a fuska daga safe har yamma. A tsakiyar shekarar aka kawo ƙudurin soke dakatarwar a majalisa. Suwaiba ta buɗe shafin, ko da yake ta san abin da za ta gani. Jan Wuya ta ce a'a. A watan Nuwamba Izzuddeen ya bi gida-gida yana yi wa abokin hamayyarta kamfe, ta sake cin zaɓe da rata mai yawa.

Sabuwar gwamnati ce ta ɗage dakatarwar a Janairun 2021, Jan Wuya kuma ta soki ɗagewar. Duk da haka, da layin ya yi ta ja saboda cunkoson bayan annoba, ma'aikaciyar nan ba ta daina kiran Izzuddeen tana gaya masa inda aka kwana ba. A ƙarshen shekarar aka kira Suwaiba Abu Dhabi, ta dawo da biza.

Ranar tafiya Hajiya Mero ta raka ta filin jirgi a tasi, tana ta mitar cewa akwatin ya yi nauyi da kuka da daddawa, wai Turawa za su ƙwace. A bakin ƙofar shiga ta riƙe ta.

"To 'yar nan, za ki bar ni da wa? Wa zai riƙa duba mini hawan jini?"

"Na gaya wa 'yar Filifin ɗin nan da muke aiki tare, Hajiya. Duk Juma'a ki biya ta kanti. Kuma ki rage gishiri."

"Na ji, likita. Allah ya kai ki lafiya, ya ba ku zama na alheri, ya kawo zuriya ɗayyiba. Ki ce wa mijinki na yafe masa ɗauke ki da ya yi. Yalla, tafi, kada ki sa ni kuka a gaban Larabawa."

Suwaiba ta durƙusa ta yi mata sallama, ta ja akwatinta ta shiga layi.