Tubali a Ƙarƙashin Ƙafar Tirela

Har yanzu idan na ji kukan ƙarfe, irin wanda tsohon ƙyauren kwano yake yi in iska ta taɓa shi, nakan tsaya in saurara. Kukan yakan mayar da ni ƙofar gidanmu, a wani ƙauye da ke gefen Roni, lokacin ina firamare.

Ƙanin mahaifina, wanda muke kira Baffa, direban tirela ne. A ƙarshen wata bazara ya biyo ta gida da lodin takin zamani, sai kan motar ya samu matsala. Dole a cire shi a lallaɓa zuwa Kazaure wajen gyara, a bar bodin a tsaye da kayansa. Wataƙila ka taɓa lura da ƙafafun ƙarfe biyu da ke gaban bodin tirela. Akan juya wani hannu su sauko ƙasa, su karɓi nauyin da kan motar yake ɗauka. Ƙofar gidanmu rairayi ce, sai an sa musu katako mai kauri, ga shi katako ɗaya ne a motar.

Kakanmu tsohon magini ne. Ya sa aka kwaso masa tubalan ƙasa masu faɗi da ya busar don gyaran katanga.

"Baba, ƙasa ce fa," in ji Baffa, kansa a sunkuye.

"Soron da aka haife ka a ciki, da me aka yi shi?"

A gidanmu ba a maimaita wa babba magana. Aka jera tubali, aka sauke ƙafar hagu a kai, ta dama kuma a kan katakon. Kafin a kwana biyu Kaka ya mayar da tabarmarsa da butarsa inuwar bodin, don a bazara babu inuwar da ake rainawa.

Ruwan farko ya sauko wata rana bayan la'asar, da iska da ƙanshin ƙasa. Da aka ɗauke ruwan muka fito, sai muka ji kukan nan, a hankali, ya yi ya tsaya, ya sake yi. Bodin ya karkata. Tubalan sun jiƙe, jar ƙasa tana bin ruwa kamar kunu, ƙafar tana nutsewa muna kallo. 

Kaka ya ɗauko busasshen tubali daga zaure, ya naɗe hannun riga, ya sunkuya zai shiga ƙarƙashi ya ƙara.

"Baba, a yi haƙuri a dakata," in ji Baffa.

Bai ko waiwaya ba. Kansa ya riga ya shige, sai bayansa muke gani. Ƙarfen ya sake kuka, wannan karon da tsawo.

"Fito na ce!"

Ban taɓa jin an ɗaga wa Kaka murya ba. Baffa ya damƙi bayan rigarsa ya fizgo shi, suka faɗi tare a cikin taɓo. Ba su tashi ba ƙafar ta lume. Ƙasa ta girgiza har ƙarƙashin tafin ƙafata, buhuna suka zubo, butar Kaka ta baje kamar faifai. Mata suna ta salati daga cikin gida, mu yara ko kuka mun kasa.

Baffa ya durƙusa a taɓon yana neman gafara. Kaka ya daɗe yana kallon inda tabarmarsa take.

"Ka yaga mini riga," ya ce, ya shige gida.

Washegari aka sauke sauran buhunan, aka tokare tayoyi da duwatsu, aka kori kowa gefe. Ana neman abin da za a ɗora jak, ƙarfen ɗaga mota, a kai, sai ga Kaka ya sa an ciro ƙyauren zaurensa na icce. A kansa aka riƙa ɗaga bodin kaɗan-kaɗan, ana tokarewa, babu wanda ya sa ko hannu a ƙarƙashi. Zauren ya yi damina guda a buɗe, kuma Kaka bai taɓa ta da maganar ba har ya bar duniya.

Yanzu idan na koma gida nakan ji manya suna kukan cewa yaran zamani sun iya mayar da magana, ba kamar da ba. Ba na musu, don akwai gaskiya a ciki. Amma nakan yi shiru, saboda na san cewa da Baffa ya ƙara yin ladabi sau ɗaya a yammacin nan, da washegari makoki muka zauna.